Gizo Mai Ƙafa Shida: Yadda Muka Duba Zanen Wani Ƙanenmu

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, muna tattara alli da littattafai a ajin yara, sai wani saurayi daga cikin zumuntar matasa ya tsaya a bakin ƙofa, ya rungume wani littafin rubutu a ƙirji kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Shekarunsa ba su wuce 17 ba, mun kuwa san shi da yawan shiru. Ya gaishe mu muka amsa, ya sake gaishe mu muka sake amsawa, sa'an nan ya ce, "Malam, akwai wani ɗan abu da nake so ka duba mini, in ba damuwa."

Abin da ke cikin littafin labari ne cikin zane, irin wanda ake jera hotuna a cikin akwatuna, mutanen ciki suna magana ta wani zagaye mai kama da balan-balan a bisa kansu. Kowane akwati za mu kira shi gida, kamar gidan dara. Nasa gida shida ne, labarin kuwa na Gizo ne da matarsa Ƙoƙi, amma shi ya ƙago shi da kansa. Ƙoƙi ta ba Gizo kuɗin cefane, ta ce ya sayo daddawa da kuka da gishiri. A kasuwa ƙamshin ƙosai ya ja shi, ya cinye kuɗin sarai. Da ya komo gida ya ce kura ce ta tare shi a hanya ta ƙwace. A gida na ƙarshe Ƙoƙi ta dubi fuskarsa ta ce, "Kurar ce ta shafa maka mai a baki?" A ƙarƙashin wannan kuma ya rubuta layi huɗu na gargaɗi a kan muguntar ƙarya. Burinsa shi ne a yi fotokwafi a raba wa yaran aji, in ya karɓu ya riƙa yin sabo kowane mako.

Kafin mu faɗi abin da muka yi, dole mu faɗi abin da muka taɓa yi, gama shi ya sa hannunmu ya yi sanyi sa'ad da muka karɓi littafin. Shekarun baya wata yarinya ta kawo mana zanenta. Muka zaro jan biro, irin wanda muke duba jarrabawa da shi, muka bi takardarta ta asali muna zagaye nan muna ja layi can: wannan hannu ya yi tsawo, wannan kai ya yi girma, nan an yi kuskuren rubutu. Duk abin da muka faɗa gaskiya ne. Ta durƙusa ta yi godiya, ta naɗe takardar, daga ranar ba ta ƙara nuna wa kowa zane ba. Yanzu ta yi aure, muna gaisawa lafiya, amma duk sa'ad da muka gan ta sai mu tuna da jan biron nan.

Akwai kuma ɗaya kuskuren, wanda ya fi yawa a cikinmu domin mu mutane ne masu kara. Yaro ya kawo aikinsa, babba ya ɗaga shi sama ya ce, "Kai, madalla! Ya yi kyau ƙwarai, Allah ya ƙara basira," ya miƙa masa abinsa kafin ya kai gida na uku da ido. Wannan sallama ce cikin ladabi. Yaron zai tafi yana murna, ya zana goma irinsa da kurakuran nan duka, har ranar da zai gamu da wanda ba ya jin kunyarsa.

Saboda haka muka ce masa, "Ƙanena, ba mu mako guda." Muka kai littafin shagon fotokwafi muka sa aka yi mana iri biyu, ɗaya daidai girmansa, ɗaya kuma aka rage shi zuwa rabi, gama haka zane yakan ƙanƙance in ya shiga shafin jarida ko fuskar wayar hannu. Takardarsa ta asali ba mu ɗiga mata ko ɗigo ba.

Ranar Asabar da yamma muka tara yara biyar a gindin dalbejiyar da ke bayan aji, 'yan shekara 7 zuwa 10, muka ba su kwafin. Mai zanen muka zaunar da shi a benci gefe guda, muka kafa masa doka ɗaya tak: kada ya buɗe baki, ko da ya ji sun karanta a karkace. Dalili kuwa shi ne, ba zai bi kowace takarda zuwa kowane gida yana yin bayani ba. Abin da takardar ba ta faɗa da kanta ba, ba a faɗe shi ba ke nan. Wannan doka ta yi masa wuya. Sau biyu muka ga ya ɗaga hannu zai yi magana, muka girgiza masa kai.

Gida na ɗaya ya wuce lafiya. Na biyu, inda Gizo ke tafiya a hanya, suka tsallake shi da ido ɗaya. A gida na uku sai dariya ta ɓarke. A nan ya zana hancin Gizo ya miƙe ya yi tsawo yana bin tururin ƙosai, jikin kuwa yana biye da hancin kamar akuyar da ake ja da igiya. Babu ko kalma ɗaya a wannan gida, amma har ƙaramar cikinsu ta gane, ta kama nata hancin tana ja.

Daga nan abubuwa suka fara kwancewa. A gida na huɗu wani yaro ya sa yatsa yana ƙirga, ya ce, "Malam, ƙafa biyu sun ɓace." Muka duba, ashe gaskiyarsa ne: Gizon farko ƙafa takwas gare shi, kamar yadda gizo-gizo yake, na huɗun kuwa shida. Wata ta tambaya ko wannan ƙanen Gizo ne. Wani kuma ya ce, "To ina kuɗin? Kyauta aka ba shi?" domin ba a nuna inda kuɗin ya bar hannunsa ba. A gida na biyar suka karanta amsar Gizo kafin tambayar Ƙoƙi, suka rikice, suka koma baya. A gida na shida, wurin da ya kamata dariya ta fi ƙarfi, sai shiru. Man da ke bakin Gizo da fensir mara ƙarfi aka yi shi, injin fotokwafi bai ɗauke shi ba sam. Yarinyar da ke riƙe da ƙaramin kwafin kuwa ta karanta da ƙarfi, "Ƙurar ce ta shafa maka mai a baki?" Ta ɗago kai ta ce, "Ƙura tana da mai?" Saurayin ya yi wa harafin K ɗin ado, ya ɗan lanƙwasa kansa, da aka rage girman rubutun sai kura ta zama ƙura.

Layi huɗun nan na gargaɗi kuwa, ko ɗaya daga cikin yaran bai karanta ba. Suka ajiye takardun suka koma wasan langa.

Mun dubi fuskar ƙanenmu a lokacin, ta yi nauyi. Amma nauyin ya bambanta da na yarinyar da muka ambata. Ba wanda ya ce masa bai iya ba. Da idonsa ya ga inda aka yi dariya, da idonsa ya ga inda aka tsaya, yaran kuwa ba su san ma nasa ne ba balle a ce sun yi don su ɓata masa rai.

A daren Juma'a mun riga mun rubuta abu tara da muke gani suna bukatar gyara. Da muka zauna da shi, uku kaɗai muka taɓa. Amma mun fara da gida na uku. Ba mu ce masa "ya yi kyau" ba, muka ce, "Ka ga hancin nan? Yara biyar sun yi dariya ba ka rubuta kome ba. Wannan shi ne abin da ka iya, wanda mu ba mu iya ba, ba kuma a koyar da shi a aji." Yabon da ya nuna wuri da yatsa yana da amfani ga mai koyo, domin ya san abin da zai riƙe. Yabon da ya rufe takarda duka kamar bargo ba ya nuna masa kome.

Abu na fari shi ne rubutu da jerin magana. Muka tambaye shi dalilin da ya sa ya ajiye tambayar Ƙoƙi a dama, amsar Gizo a hagu. Ya ce haka yake gani a zanen da yake kallo a waya. Ashe na ƙasar Japan yake kwaikwayo, su kuwa nasu daga dama ake karanta shi zuwa hagu, kamar yadda ake karanta ajami. Yaron da ya koyi boko idonsa daga hagu yake tashi, daga sama kuma yake gangarowa. Don haka wanda ya fara magana, balan-balan ɗinsa ya zauna a hagu ko a sama, in da hali ma shi kansa a tsayar da shi a hagu, wutsiyar balan-balan ɗin kuma ta nufi bakinsa. Muka ƙara masa da abin da masu wannan sana'a suka saba yi: a fara rubuta maganar, sa'an nan a zagaye ta, kāna a yi zane a filin da ya ragu. Shi ya yi akasin haka, shi ya sa kalmominsa suka matsu a gefe kamar fasinjojin motar kasuwa. Ga mai rubuta Hausa akwai ƙarin nauyi, gama ɗan lanƙwasan da ke kan ɓ da ɗ da ƙ shi ne ya raba baki da baƙi, ya raba kafa da ƙafa. Harafin da tsayinsa milimita 4 ne a takarda, in an rage rabi ya koma milimita 2. A nan lanƙwasa ta gaskiya takan ɓace, ta ado kuma ta zama ta gaskiya.

Abu na biyu, duk abin da labarin ya rataya a kansa dole a gan shi, a kuma bi shi da baƙar tawada. Labarinsa a kan abu biyu ya rataya, kuɗin da man bakin. Dukansu biyu ba su fito ba, alhali ya kashe gida guda cur a kan Gizo yana tafiya a hanya. Yaro ba ya bukatar a nuna masa hanya. In ya ga Gizo a gida, ya sake ganinsa a kasuwa, da kansa zai yi tafiyar a cikin 'yar ratar da ke tsakanin gida da gida. Amma ba zai ƙago kuɗin da ba a nuna masa ba. Maganar ƙafafu kuma muka haɗa ta a nan. A tatsuniyar dare ba mai ganin Gizo, kowane yaro da irin Gizon da ke cikin kansa, wani mutum yake gani, wani ƙwaro. Mai zane ba shi da wannan sauƙi. Sai ya zaɓi siffa ɗaya ya tsaya a kanta, ya kuma ba shi wata alama da za a gane shi ko daga nesa. Wanda ya san Papa Ajasco, na Wale Adenuga da ya fara mujallar Ikebe Super a 1976, da sanƙonsa yake gane shi. Charlie Brown na Charles Schulz a Amurka kuwa, da rigarsa mai layi a karkace. Muka ce ya ɗauki takarda dabam ya zana Gizonsa ta gaba, ta gefe, ta baya, yana dariya, yana kuka, ya manna ta a bango ya riƙa dubawa.

Abu na uku shi ya fi ɗaukar mu lokaci, shi ne kuma muka fi jin tsoron faɗa. Gidan Gizo a zanensa yana da bututun hayaƙi a rufi. Ƙoƙi tana sanye da takalmi mai tsini, idanunta sun cinye rabin fuska. Mai ƙosai tana tsaye a bayan wani teburi mai gilashi. Ba a garinmu ya ga waɗannan ba, a zanen wasu ya gan su. Maimakon mu ce masa ya yi kwaikwayo, sai muka ba shi labarin wani da ya riga shi.

A ƙasar Beljiyam an taɓa yin wata jaridar Katolika da take fitar da 'yar ƙaramar jarida ta yara, mai suna Le Petit Vingtième. A cikinta ne wani saurayi ɗan shekara 21, Georges Remi, wanda duniya ta sani da suna Hergé, ya fara labarin Tintin ranar 10 ga Janairu, 1929. Labaransa na fari ya yi su ne a kan ƙasashen da bai taɓa takawa ba, da abin da ya ji ana faɗa. Wanda ya yi a kan Kwango a 1930 zuwa 1931 ya zana baƙar fata a cikinsa da siffar raini, har yau ana sukarsa a kan haka. A 1934, da aka ji zai kai Tintin ƙasar Sin, sai wani fada mai suna Gosset, wanda yake kula da ɗaliban Sin a jami'ar Luben, ya rubuta masa wasiƙa yana jan kunnensa kada ya zana mutanen Sin da irin siffar da Turawa suka saba laƙaba masu, gama ɗalibansa suna karantawa, zai kuwa yi masu ciwo. Bai tsaya ga jan kunne ba. Aka haɗa Hergé da wani ɗalibi ɗan Sin mai koyon zane da sassaƙa a birnin Burasal, sunansa Zhang Chongren. Suka yi ta zama tare, ɗalibin yana nuna masa yadda titunansu da tufafinsu suke, yana rubuta masa rubutun Sin na gaskiya a allunan da ke cikin hotunan. Littafin da ya fito daga wannan zama a 1936, Le Lotus bleu, masana da yawa suna lissafa shi a matsayin inda aikin Hergé ya girma. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, fadan bai karɓi alƙalami ya gyara masa zane ba. Ya faɗa masa wanda zai ji ciwo, ya kuma nuna masa inda zai je ya duba.

Mu ba mu da ɗalibi daga Sin, amma muna da mai ƙosai a bakin tasha. Muka ce wa ƙanenmu ya je da safe da fensir, ya gaishe ta, ya nemi izini, ya sayi ƙosai, ya zauna ya zana abin da ya gani: murhun, kaskon, 'yar kujerar da take zaune a kai, babban cokalin nan mai huji da take tsame ƙosai da shi, da yadda take kare fuska daga hayaƙi.

Sauran abu shida da ke takardarmu, irin su yatsun hannu da inuwa da yadda abu na nesa yake ƙanƙancewa, muka ninke muka mayar aljihu. Waɗannan hannu ne yake koyonsu da yawan yi, ba kunne ba. Schulz da muka ambata, an ƙi buga zanensa a littafin shekara na makarantar sakandarensu. Daga baya ya fara Peanuts ranar 2 ga Oktoba, 1950 a jaridu bakwai, ya yi ta yi da hannunsa har zuwa Fabrairu 2000, zane 17,897. Wanda ya kwatanta na farkon da na shekara goma bayan haka zai ga yadda hannun ya sake.

Wuri biyu muka yi gardama da shi, a duka biyun kuwa bai kāsa ba. Na fari tsamin bakin Gizo ne. Kowa ya sani a tatsuniya Gizo ba ya iya faɗin wasu haruffa, sarki yakan zama "shayki" a bakinsa, raƙumi ya zama "yaƙumi". Saurayin ya rubuta kowace kalma ta Gizo haka. Mu muka ce ya cire duka, domin yawancin yaranmu suna da harshen gida dabam, Hausa a waje da makaranta suka same ta, ga shi kuma yanzu suke koyon haɗa baƙi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, in na cire, ai ba Gizo ba ne kuma." Ya kawo shawara da kansa: zai bar kalma ɗaya ko biyu, in Gizo ya ce "kuya", nan take Ƙoƙi ta maimaita "Kura?" domin mai karatu ya kama. Wannan ya fi namu.

Na biyu kuwa, sai mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Mu masu koyarwa muna son gargaɗi a ƙarshen kowane abu, har a daren Juma'a mun yi tunanin a ƙara gida na bakwai inda Gizo zai durƙusa ya roƙi gafara. Da muka faɗa masa sai ya yi murmushi na farko a ranar, ya ce, "Malam, in Gizo ya tuba yau, me zan zana mako mai zuwa?" Muka tuna kuma da yadda yaran suka tsallake layi huɗun nan. Amma da muka kira su daga wasa muka ba su labarin da baki, muka tambaye su me ya tona Gizo, duka suka amsa, "Bakinsa!" Wani ya ƙara da cewa shi ma an taɓa kama shi haka da garin madara. Ashe koyarwar tana cikin man bakin tun da fari, sai dai injin bai ɗauke ta ba. Muka yarda a cire layi huɗun, malamar aji ta yi tambayar da baki bayan an karanta.

Ya ɗauki mako biyu bai zo ba, har muka fara zargin kanmu. A na uku sai ga shi da sababbin takardu, da wasu guda takwas na mai ƙosai kaɗai, ɗaya ma da ɗigon mai a kusurwa. Ya ce matar ta karɓi ɗaya ta ce za ta nuna wa 'ya'yanta. Gizo yanzu yana da ƙafa takwas tun daga fari har ƙarshe, da wata 'yar hula da ta yi masa kaɗan. Gida na biyu ya zama hanci, na uku kuɗi yana barin hannu, Gizo ya kau da kai kamar ba shi ne yake miƙawa ba. A gida na shida man yana ɗiga daga haɓarsa da baƙar tawada, ga kuma wani ƙuda yana zagaye shi, wanda ba mu muka ce ya sa ba.

Muka nemi waɗansu yara dabam da ba su ga na farkon ba, muka koma gindin dalbejiya, shi kuma ya koma bencinsa ya rufe baki ba sai an gaya masa ba. Suka yi dariya a wurin hanci, suka wuce "kuya" ba tuntuɓe, a gida na shida kuwa wani ya kwanta a ƙasa. Ƙaramar cikinsu ta daɗe tana duban gida na biyar, sa'an nan ta ce hannun Ƙoƙi ya yi kama da tsintsiya. Mai zanen ya zaro fensir daga bayan kunne ya rubuta wannan a bayan littafinsa.